Takardar da Baba Guda-Nawa Ya Bari

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi ran shugaban sashenmu, malamina, wanda kowa a ofis ke kira Baba Guda-Nawa. Iyalinsa sun ce yana zaune a bakin gado yana ɗaura igiyar takalmi zai fito aiki, sai ya kife. An garzaya da shi asibiti, amma kafin azahar rai ya yi halinsa. A lokacin ina zaune a teburina, ina hararar kujerarsa, ina cewa a zuci yau ga mai yi wa mutane wa'azin sammako ya makara. Manaja ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire tabarau yana ta goge shi da gefen riga, sannan ya faɗa mana.

Baba, yau kwana goma sha biyu ke nan. Akwai waɗanda suka fi ni sanin zurfin iliminka, su za su rubuta wannan. Ni abin da ya hana ni sukuni daban ne. Maganarmu ta ƙarshe faɗa ce, kuma a kan wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba. Ka tafi ka bar ta ƙarƙashin kofin shayinka da lamba a jiki, ka bar aikin da zafin zuciyata ya hana mu gamawa, ni kuma ban ba ka haƙuri ba. Don haka bari in faɗi yadda aka yi tun daga tushe, ko da ba kai za ka karanta ba.

Ga wanda bai san aikinmu ba: mu huɗu ne a wani ɗaki a hawa na biyu, saman kantin magani, da fanka ɗaya mai kukan tsufa da tagar da ba ta rufuwa sai an doke ta. Mu ke kula da manhajar wata ƙungiya ta masu ba da jini kyauta. Duk wanda ya yi rajista yana da layi ɗaya a cikin rumbun bayananmu: sunansa, rukunin jininsa, lambar wayarsa, da ranar da ya bayar na ƙarshe. Idan wani asibiti ya nemi jini, manhajar za ta tsamo waɗanda suka dace, ta tura musu saƙo a waya. Aikin ba shi da kwarjini, ba wanda ke tafa mana. Amma ka sha gaya mana cewa kowane layi mutum ne, kuma a bayan kowane saƙo akwai wani a kwance yana jira.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na hawo matakalar nan da takardar shaidata a jaka da girman kai cike da ciki. A makona na farko ka ba ni shafin da ke nuna masu ba da jini na unguwa guda tare da ranakun da suka bayar. Na rubuta shi cikin yini ɗaya, na kira ka ka gani ina jiran yabo. Ka danna, shafin ya tsaya yana juyi. Ka tashi ka haɗa shayi, ka dawo, ka zauna, ka kurɓa, sannan ya buɗe. Ba ka yi mini dariya ba, sai ka ja kujera ka ce in nuna maka sau nawa na tambayi rumbun. Ashe na ɗauko jerin mutum ɗari huɗu da tambaya ɗaya, sannan na koma na tambayi ranakun kowane mutum ɗai-ɗai.

Ka ce, “'Yar nan, idan mamanki ta aike ki kasuwa sayen abu ɗari huɗu, sau ɗari huɗu za ki je?”

Na ce a'a. Ka ce to shi ma rumbun nisa gare shi, in rubuta duk abin da nake so in je sau ɗaya da babban kwando. Na gyara, shafin ya buɗe kafin in ɗage yatsa. Daga ranar ka laƙa mini suna Uwar Gaggawa, ni kuma ban daɗe ba na gane dalilin naka sunan. Ba a taɓa kawo maka aiki ka fara da tambayar ko yana tafiya ba. Tambayarka ta farko ita ce: “Guda nawa?” Layi guda nawa zai taɓa, tambaya guda nawa zai yi, mutum guda nawa zai dawo da su. Idan aka ce ba a sani ba, sai ka ce to ba a gama ba.

Ta biyu kuma ita ce, “Idan babu kowa fa?” Ka hana mu miƙa kowane aiki sai mun gwada shi da jeri marar kowa, da jeri mai mutum ɗaya, da jeri mai dubbai. Na ɗauka tsabar son wahalar da mutane ne, har ranar da wata nas ta nemi wani rukunin jini mai wuyar samu a wata unguwa. Babu ko mutum ɗaya, manhajar da na rubuta kuma ba ta san yadda za ta ce babu ba, sai ta ƙame. Nas ɗin ta ɓata minti ashirin tana kashe kwamfuta tana kunnawa, tana zaton na'ura ce ta lalace, alhali da an gaya mata gaskiya da tuni ta buga waya wani wuri. Ka ce mini “babu kowa” ita ma amsa ce, a mayar da kwandon ko da wayam yake, domin wanda ya aike ka ya leƙa ya gani da idonsa. Na ji kunya ranar, kuma ban sake ba.

Ina tuna ranar da Dogo, abokin aikinmu da ke zama kusa da taga, ya rubuta abin da ke bin jeri yana cire waɗanda lokacin bayarwarsu bai yi ba. Kullum sai wasu su tsallake, ya rantse da Allah cewa kwamfutar ce ke da aljanu. Ka tattara kofunan ofis guda shida ka jera a tebur, ka ce ya ɗora yatsa yana ƙirgawa. Da ya zo na biyu sai ka zare shi, ka turo sauran suka cike gurbin. Yatsansa ya wuce zuwa wuri na uku, ya tsallake kofin da ya matso. Dogo ya kalli kofunan, sannan ya ce, “Kai, Baba, ashe ni ne aljanin.” Ka ce masa ba a gyaran layi ana cikin ƙirga shi, ya ɗauki sabon kwando ya zuba waɗanda yake so, ya bar tsohon yadda yake. Kofi ɗaya ya faɗi ya fashe a wannan darasi, kuma nawa ne. Washegari ka kawo mini sabo, mai mummunan zanen fure, har yau da shi nake sha.

Haka ka bi da mu, kaɗan-kaɗan. Kada a kwaso rumbu gaba ɗaya don ana neman mutum goma. Kada a yarda cewa jeri zai zo a tsare sai an faɗi yadda ake so a tsara shi. Kwafin ajiya da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ka ce, fata ne kawai, shi ya sa kowace Litinin ta farkon wata kake sa mu dawo da shi a wata kwamfuta mu gani da idonmu, muna gunaguni. Akwai kuma dokar da ba ka wasa da ita: ba a buɗe layin mutum a karanta sunansa sai da dalili. Da sunayen ƙarya muke gwaji, da lambobi muke magana. Ka ce mutanen nan jininsu suka ba da, ba sirrinsu ba. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a rumbun nan, sunayen da na karanta ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Ba wai kai waliyyi ba ne, kada a ce na yi maka ƙarya bayan ranka. Kana da taurin kai, kana sha wa mutum shayinsa idan ya juya baya, kuma kana da wata ɗabi'a da muka yi shekaru muna tsokanarka a kai. Duk bayan wata huɗu sai ka tashi da hantsi ka ɗauki hula ka ce, “Zan je aski.” Baba, kai da kanka ba ko silin gashi, yana sheƙi kamar an shafa masa mai! Sai bayan azahar ka dawo, hannun riga a sauke har wuyan hannu, da lemon kwalba kana kurɓa a hankali. Dogo ya ce wanzaminka ya fi kowa cin banza a duniya. Ni na ce barci kake zuwa yi a mota. Kai dai sai ka shafa kai ka ce, “Ba ku ga ya yi kyau ba?”

Yanzu bari in zo kan takardar.

Shekara tara da suka wuce, wata ranar Alhamis da hantsi, aka ce in gyara lambar wayar mutum ɗaya. Aikin daƙiƙa biyar ne. Na rubuta umarnin, na manta ban sa sharaɗin da ke cewa wane mutum ba, na danna. Allon ya amsa mini cewa an canja layi dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu. Kowane mai ba da jini a rajistarmu ya koma da lambar waya guda ɗaya. Dogo ne ya ga fuskata ya taɓa ka.

Ba ka ɗaga murya ba. Ka dakatar da tura saƙonni, ka buga wa ma'aikaciyar rajista da ke ofishin ƙungiya cewa idan buƙata ta zo ta yi amfani da tsohon littafinta, ka ɗauko kwafin ajiyar da aka yi da asuba. Ya dawo lafiya lau, domin wannan Litinin ɗin da muke gunaguni a kanta. Waɗanda suka yi rajista da safiyar ranar kuma muka zauna ni da kai muka sake shigar da su da hannu daga takardunsu. Da Manaja ya hawo yana huci yana tambayar wane ne, na buɗe baki zan amsa, sai ka riga ni.

Ka ce, “Ranka ya daɗe, idan hanya tana barin yatsa ɗaya ya yi wannan ɓarna cikin ƙiftawar ido, hanyar ce ba ta da kyau, kuma ni na shimfiɗa ta. Ka ba ni zuwa gobe.”

Washegari ka zo da wani ƙaramin littafi mai yagaggun shafuka, ka kafa dokar da muke kai har yau. Duk wanda zai taɓa rumbu na gaske, sai ya fara ƙirga layukan da yake sa ran canjawa, a rubuta lambar a takarda, wani ya riƙe. Sannan ya buɗe canjin ta hanyar da rumbun ke ba da damar janyewa, ya danna, ya karanta lambar da allo ya nuna da ƙarfi. Idan ta yi daidai da ta takarda, mai riƙewa ya ce a tabbatar. Idan ta saɓa ko da ɗaya ne, a janye komai ya koma yadda yake, a nemo dalili. Kuma kai ka fara bin dokar. Ka miƙo mini takardar ka ce in riƙe maka, kai da ka fara wannan aiki tun ina rarrafe.

A lokacin na gane sutura ka yi mini, na kuma gode. Amma zuciya ba ta da kirki. Da shekaru suka tafi, hannuna ya faɗa, aka fara turo mini sababbin ma'aikata in koya musu, sai takardar ta fara yi mini nauyi. Duk ranar da ka yago shafi, sai in ji kamar ana sake karanta mini laifina a gaban mutane. Ban taɓa gaya maka ba, na dai riƙa haɗiyewa.

A farkon watan nan ma'aikaciyar rajista ta bugo wayar ofis, ka sa ta a amsa-kuwwa muka ji. Ta ce wata mata ta zo ofishinsu tana kuka. Mijinta ya rasu shekara biyu, ta kawo rahoto tun a lokacin, an kuma sa wa layinsa alamar rasuwa, amma har yanzu saƙo na shigowa wayarsa da sunansa, ana cewa ya taimaka ya zo ana neman jininsa. Da muka bincika sai muka ga wasu tsofaffin manhajoji biyu da muka gada ba sa duba alamar, kowa suke turawa. Ranar ba ka sha shayi ba. Ka ce hanya mafi tabbas ita ce a kwashe duk masu alamar a mayar da su wani ɓangare nasu na daban a rumbun inda saƙo ba zai kai ba. Ba za a goge su ba, domin a wurinka ba a goge wanda ya ba da jininsa. Ka kuma gargaɗe mu cewa aikin na da kaifi biyu: idan aka kwashe mai rai bisa kuskure, an rufe masa ƙofa, kuma wata rana shi kaɗai ne zai dace da wanda ke kwance.

Ni na rubuta umarnin. Ranar Litinin, sha biyu ga wata, ya kammala. Da safiyar ranar Manaja ya shaida mini cewa idan ka yi ritaya baɗi ni zan riƙe sashen, sai kaina ya kumbura. Na so in yi aikin ni kaɗai kafin ka fito daga taro, in nuna na isa. Ka shigo ka same ni hannu a kan madannai, ka ƙirga, ka yago shafi ka rubuta ɗari uku da goma sha biyu. A nan abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito.

Na ce, “Baba, shekara tara fa! Sau uku na karanta sharaɗin nan. Har yanzu sai an riƙe mini takarda kamar 'yar firamare? Ka fito kawai ka ce ba ka manta abin da na yi ba.”

Ka dube ni ta saman tabarau. Sannan ka ce, “'Yar nan, ni ban taɓa rubuta sunanki a takardar nan ba. Lamba kawai nake rubutawa.” Ka ɗaga kofinka ka danne takardar da shi. “Ba a taɓa rumbu da fushi. Ranar da kika huce, sai mu yi.”

Ranar Talata ban huce ba. Na gaishe ka gaisuwar da ba ta wuce leɓe ba. Da rana ka zo ka ɗauki kofina mai fure ka cika shi ka ajiye mini, na ce na gode ba tare da na ɗago kai ba. Da na san wannan ne ganin ƙarshe, da na ɗago. Laraba kuma ka san abin da ya faru, ka fi ni sani.

Ranar Alhamis muka je gidanka. Mama, matarka, tana zaune a tsakiyar mata, wayarka na hannunta tana juya ta. Da na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wace ce, sai ta kama hannuna ta ce, “Au, ke ce Uwar Gaggawa? Kullum sai ya yi zancenki. Yana cewa kin fi shi kai, saura ki fi shi haƙuri.” Matan suka yi 'yar dariya, ni kuwa hawaye suka ƙwace mini. Ta nuna mini wayar ta ce ta kasa kashe ta, kullum sai ta sa mata caji, ba ta san dalili ba.

Litinin ta zagayo, aikin na nan, kuma kowace rana da ta wuce wani gida na iya samun irin saƙon nan. Na ɗaga kofinka, shayin da ya rage a ciki ya bushe, gindinsa ya bar zobe a kan takardar. Na miƙa wa Dogo na ce ya riƙe. Manaja ya zo ya tsaya a bayanmu domin ya yi wa ƙungiya alkawarin za a gama kafin azahar. Na buɗe canjin, na danna, na karanta da ƙarfi.

Ɗari uku da goma sha uku.

Dogo ya dubi takarda ya ce, “Sha biyu ne a nan.”

Manaja ya ce, “Haba, ɗaya tak? Mako guda fa ya wuce, wani ne ya rasu aka ƙara. Ki tabbatar kawai, ana jiranmu.”

Gaskiya maganarsa da hankali, kuma yatsana ya riga ya kai kan madannin. Ba ka nan, ba wanda zai dube ni ta saman tabarau. Abin da na shekara tara ina nema ke nan, a bar ni in yanke da kaina. Sai na tuna cewa wataƙila ne kawai muke da shi, ba sani ba. Ma'aikaciyar rajista mutum ce, yatsanta na iya zamewa zuwa layin maƙwabci kamar yadda nawa ya taɓa yi. Idan wannan ɗayan mai rai ne, ba wanda zai ƙara jin ɗuriyarsa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na janye, komai ya koma yadda yake, na ce wa Manaja ya yi haƙuri ya gaya musu sai bayan azahar.

Neman bai ɗauki minti biyar ba. Na tsara masu alamar bisa ranar da aka sa musu, na ga na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce aka sa masa. Yanzu akwai dalili, don haka na buɗe layin. Na karanta sunan sau biyu ban gane ba, domin mun daɗe muna ce maka Baba har sunanka na yanka ya zame mini baƙo. Lambar wayar ce ta tsayar da ni. Lambar da na haddace tun shekara goma sha ɗaya, wadda ke hannun Mama.

Ban yarda da idona ba, kai ka koya mini haka. Na buga wa ma'aikaciyar rajista. Ta ce, “Eh, 'yarsa ce ta bugo ranar Juma'a. Wai saƙo ya shigo wayarsa ana neman jininsa, mamarsu ce ta karanta. Wallahi ni ban san shi ne na ofishinku ba sai ranar. Kullum shi kaɗai yake zuwa, ya bi layi kamar kowa.”

Na sauko ƙasan shafin inda ranakun bayarwa suke. Sau arba'in da bakwai. Tun kafin a kafa ofishin nan, tun rajistar tana littafi. Duk bayan wata huɗu, da hantsi. Dogo ya leƙo ta kafaɗata ya bi ranakun da ido, sai na ji ya ce a hankali, “Aski.” Ya juya ya fuskanci taga, kafaɗunsa na rawa. Manaja ya sake cire tabarau.

Ban soke lambarka ba, Baba, domin daidai take a ranar da ka rubuta ta. A ƙarƙashinta na rubuta ɗari uku da goma sha uku da hannuna, na rubuta dalili a gefe, na mayar wa Dogo. Na sake buɗe canjin, na danna, na karanta. Dogo ya ce, “Daidai. A tabbatar.” Na tabbatar. Da hannuna na ɗauke ka daga cikin waɗanda ake kira, na kai ka cikin waɗanda ka ce ba a gogewa.

Ka yafe mini. Na yi zaton takardar nan tuhuma ce, ashe rakiya ce, don kada ɗayanmu ya tsaya shi kaɗai a gaban abin da ya fi ƙarfin yatsa ɗaya. Ina kewarka, ina kewar tambayarka, har satar shayin ma ina kewa. Littafin yana teburina yanzu, saura shafi kaɗan a ciki, na riga na sayo wani. Jiya sabuwar ma'aikaciyarmu ta kawo mini aikinta tana murmushi, na ji bakina ya ce, “Guda nawa?”

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi. Abin da ya bayar a ɓoye sau arba'in da bakwai, Kai Ka san jikin da ya shiga da gidajen da ya hana kuka, Ka saka masa da abin da ya fi shi. Yadda ya suturta ni ranar da na cancanci tonon asiri, Ka suturta shi ranar da ba sutura sai taKa. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa da jikokinsa da 'yan'uwansa, da abokan aikina da muka yi wannan rashi tare, da duk wanda jinin Baba ke gudana a jikinsa bai sani ba. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ke kuma Mama, Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya tsare miki zuri'a. Ki gafarce mu da abin da kika karanta ranar Juma'a. Ki ci gaba da sa wa wayar caji muddin kina so, saƙon nan ba zai sake shigowa ba.